Tambaya ta Uku

Ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu da iska, uku aka taɓa yi a wannan majami'a ta unguwar Southwest a birnin Washington, kuma Baba Dalyop ya san tarihinsu fiye da yadda ya san ranar haihuwar 'yarsa. Na farko da hannu ake zuga masa iska, ƙarti biyu suna gumi a bayan bango, gobara ta cinye shi tun kafin a haifi kowa a cikin masu sujada na yanzu. Na biyu ya rayu har lokacin da aka rushe unguwar aka gina ofisoshi. Aka kwance shi aka zuba a akwatuna, rabin bututansa suka yi ƙafa. Daga ragowar aka haɗa na uku, mai bututu dubu da ɗari biyu, wani bai fi yatsa ba, wani ya ninka mutum uku a tsawo. Wannan shi ne na Dalyop.

Shekara talatin da ɗaya yana kaɗa shi. A wata ƙaramar majami'a kusa da Vom a Filato ya koyi kiɗa, a kan ɗan ogan da ake taka wa iska da ƙafa, shi ya sa har ya tsufa bai iya kiɗa da takalmi ba. Da ya zo Amurka ya samu aikin akawu a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati da ke kewaye da majami'ar, sai ya riƙa zuwa lokacin cin abincin rana yana zama a baya yana sauraron tsohuwar da ke kaɗawa. Ita ta ba shi makulli, da ta rasu kujerar ta zama tasa.

Ogan ɗin kuwa ya ba shi wahala. Zugazugin ya yi ta yoyon iska, ikilisiya ba ta da halin kiran masu gyara, sai Dalyop ya riƙa sa a kawo masa jan fatar akuya daga Jos, ya yanka, ya shiga cikin ogan da rarrafe ya liƙe. Ya san bututun da ke maƙalewa in zafin Agusta ya yi nauyi, ya san yadda ake kewaye shi ba tare da kowa ya ji ba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai faɗa ba.

Sai wata attajira ta mutu ta bar wasiyya a gyara ogan ɗin gaba ɗaya. Aka kwashe bututai aka tafi da su wata goma sha huɗu. A wannan tsakanin kullum Dalyop yana gidansa a Landover, a jihar Maryland, gaban ƙaramin fiyano, ƙafafunsa suna taka dardumar falo kamar akwai matakan kiɗa na ogan a wurin, yana shirin waƙar da zai buɗe sabuwar muryar da ita. Abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake so: ya zama shi ne zai fara taɓa ogan ɗin ranar keɓewa, wato ranar bikin buɗe shi.

Kwamiti ya kira shi mitin. Linda, shugabar kwamitin, mace ce mai kirki, irin kirkin da ba ya tsayawa ya duba ko ya taka wani. Ta ce sun yanke shawara baki ɗaya shi zai kaɗa ranar keɓewa, kuma suna fata ya ci gaba da riƙe kujerar.

Zuciyar Dalyop ta yi fari fat. Ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ya ce da Turanci, ai shi ya tsufa, hannu ya fara nauyi, wannan girma ya fi ƙarfinsa, a nemi wanda ya fi shi.

A can gida Filato haka ake yi. Ba mai mutunci da zai cafke girma a miƙawar farko sai ka ce yunwarsa yake ji. Ka ƙi, su matsa. Ka sake ƙi, su aiko dattawa har gida. A ta uku sai ka yi ajiyar zuciya ka ce to, tunda kun nace. Haka mahaifinsa ya zama dattijon ikilisiya, haka shi ma ya karɓi shugabancin ƙungiyar 'yan Filato a nan Maryland.

Da ya ɗago sai ya ga idon Linda ya cika da hawaye. Ta ce bai san yadda wannan tawali'u ya taɓa ta ba.

Bayan kwana uku ta bugo waya. Ta ce tana so ta ji daga bakinsa, ya tabbata? Ya ƙifta wa matarsa Pauline ido, ya nuna mata yatsu biyu, sannan ya amsa da murya ƙasa ƙasa cewa ya tabbata.

Ranar Asabar ya sa Pauline ta dafa shinkafa da kaji, ya sayo lemo katan guda, ya sa farar shaddarsa ya zauna a falo tun ƙarfe goma na safe. Ya ma shirya yadda zai yi ajiyar zuciyar. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai ya gyara zama. Da yamma Pauline ta juye shinkafar a robobi ta sa a firji. Asabar ta biyu ma haka, sai dai ranar ba a sayi kaji ba.

'Yarsu Olive ta zo daga Laurel ta tarar da shi a shaddar. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai in ranta ya ɓaci.

"Baba, ba wanda zai zo," ta ce da Hausa. "Mutanen nan in ka ce a'a, a'a suke ji. Ɗauki waya ka ce kana so. Minti ɗaya ne."

"In je in roƙi kujerata? Bayan shekara talatin?"

"Ba roƙo ba ne, gaskiya ce kawai. To bari ni in kira Linda."

"Kika kira ta, kin tsiraita ni a kasuwa. Sun san gidana."

Pauline ta leƙo daga kicin. "Baban Olive, ba su san gidanka ba. Shekara nawa, wa ya taɓa zuwa a cikinsu?"

Wannan ta shige shi fiye da duka, don gaskiya ce. Duk da haka bai ɗauki wayar ba. Ranar Talata saƙo ya shigo wa dukan ikilisiya cewa an ɗauki sabuwar makaɗiya, Dakta Irene, kuma za a karrama Baba Dalyop bisa ritayar da ya nema da kansa.

Ranar keɓewa majami'a ta cika har da tsayuwa. A bakin ƙofa aka ba shi ɗan littafin tarihin ogan uku, shafi ashirin da hotuna. Ya sami sunansa a shafi na goma sha tara, layi biyu. A zauren shiga kuma an ajiye akwatin gilashi da tsofaffin abubuwan da masu gyara suka ciro. A ciki ya ga jan fatarsa, guntu guntu, da sauran gam a jiki. An rubuta a ƙasa: facin wucin gadi, ba a san wanda ya yi ba. Ya daɗe a tsaye har Pauline ta ja hannun rigarsa.

Aka zaunar da shi a bencin gaba. Irene ta hau, yarinya ce da ba ta fi Olive ba, da takalmanta na kiɗa masu sheƙi. Ya zo da fatan ta yi kuskure, ko ɗaya ne, Allah ya gafarta masa. Ba ta yi ba. Ta kaɗa har benci yana rawa a ƙarƙashinsa, bututun nan na Agusta ya fito tas, muryar da ya yi shekara talatin yana jin ta a kansa kawai, yau ga ta a fili, a hannun wata. Ya ji haushin Linda, ya ji haushin ƙasar da ba ta san kara ba, ya ji haushin mahaifinsa da ya koya masa sunkuyar da kai. Da ya gama zagaye sai ya tarar babu wanda ya rage sai shi.

Bayan sujada aka kira shi gaba aka miƙa masa allon yabo, aka yi ta tafi. Ya dawo ya zauna. Linda ta biyo shi ta durƙusa ta kama hannunsa da hannu biyu.

Ta ce har yau zuciyarta ba ta yarda ba. Ta ce ranar Asabar ɗin nan ta farko ta nemo adireshinsa, har ta shiga mota za ta zo Landover ta roƙe shi. Sai ta tuna sau biyu ta tambaye shi. Ta ga in ta ƙara ta uku, ta raina maganar dattijo. Shi ya sa ta kashe motar ta koma ciki.

Dalyop ya dube ta. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne na gode.

Mutane suka fara fita, Irene tana kaɗa waƙar sallama. Pauline ta sunkuyo ta taɓa gwiwarsa. Bai san lokacin da ya tuɓe takalmi ba, ƙafafunsa suna ta taka daɓe, suna bin waƙar daidai.

"Sa takalminka, Baban Olive," ta ce. "An tashi."