Kwalaben Dakta Milka

Shekara tara na yi ina dafa wa Dakta Milka abinci a unguwar Nassarawa. 'Yar Zariya ce, Kirista, ni kuwa Kande daga Gumel. Wallahi ban taɓa zama da mutum mai daɗin sha'ani irinta ba.

Aikinta binciken hanta. Ina yanka albasa za ta jawo kujera ta zauna, ta hau yi mini bayani kamar wata ɗalibarta. Ta ce idan cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin hanta sukan kunna wata ƙwayar gado, ita kuma ta sa a samar da wata iska mai suna naitirik oksaid, mai yaƙar cuta. Idan iskar ta yi yawa sai ta koma ɓarna, don haka hantar ke rage ta, kamar yadda nake rage wutar risho. Yadda hanta ke sanin lokacin ragewa, shi take nema. Nakan ce, "Dakta, ni hantar da na sani ta tsire ce." Sai ta yi ta dariya.

Wutar lantarki ba ta zama a wurin aikinta, sai ta kwaso aikin shekara uku ta zuba a firjin gida: ƙananan kwalabe sittin, kowacce da ɗan abin da ta tace daga hantar ɓera a cikin wani farin ruwa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ta tafi Zariya biki. Jita-jita ta cika gari, wai za a bi gida-gida neman giya. Na buɗe kwalba ɗaya na shinshina. Warin giya sak. Na hango Dakta a gaban alƙali, jama'a na kallonta. Ban yi shawara da kowa ba, na tuttule su duka a kwata, na wanke kwalaben tas da sabulu.

Da ta dawo na gaya mata, har ina jin na yi abin kirki. Ta buɗe firjin, ta ga wayam.

"Sifirit ne, Kande, irin na asibiti da ake adana aiki a ciki, ba giyar sha ba. Ba wanda zai taɓa ni a kansa."

Na durƙusa ina kuka. Ta ɗago ni, ta ce ta san don ita na yi. Ba ta sake binciken ba, shekara na zagayowa ta koma Zariya koyarwa. Ina kewarta ƙwarai. Da ta zage ni a ranar ko sau ɗaya ne, da tuni na manta.