Daga ta Arba'in Zuwa ta Ɗaya

Tun kafin ƙarfe biyar Baba ya kwashe kwanukan abincin Lahadi daga teburin kicin, ya girke rediyo a tsakiya, ya jingina mata rikoda baki da baki. Rikodar nan tsohuwa ce, duk abin da ya motsa a ɗaki sai ta kwashe, shi ya sa dokar gidanmu ita ce in Baba ya danna jan maɓalli ko tari ba a yi.

Da yammar ne za a karanto waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa a makon, daga ta arba'in a gangaro zuwa ta ɗaya, kuma sabuwar waƙar ƙanwata Janine ta fito tun Litinin. Shekara biyu ke nan da ta bar kamfanin gyaran kifi na Grimsby inda muke aiki tare, ta yi waƙa ɗaya da ta kai ta shida. Aka nuna ta a talabijin da gashi tsaye kamar lantarki ya ja ta, 'yan makaranta suna tare ta a tashar bas. Biyun da suka biyo baya ko ƙofar arba'in ba su leƙa ba. Kamfanin faifai na Landan ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in wannan sabuwar ba ta shiga ba, kowa ya kama gabansa.

Ni kaɗai ta gaya wa. Ni kaɗai kuma na san manajanta ya bugo waya ranar Alhamis ya ce cinikin yana kan gaɓa. In an yi sa'a ta talatin da tara, ko da takwas. Sama da haka kada ma ta sa rai.

"Bev, kada ki gaya wa Baba," ta ce mini a bakin famfo. "Ki rantse."

"Na rantse. Ki daina cin farcen nan, kin kusa kai ƙashi."

Maƙwabciyarmu Misis Tranter ta shigo ba a gayyace ta ba, da biskit a faranti, ta nemi kujera mafi kyau ta zauna. Mama ta zuba shayi. Mai gabatarwa ya fara da muryar nan tasa ta wanda bai taɓa yini da yunwa ba.

Ta arba'in, wasu samari ne daga Scotland. Ta talatin da tara, wata Ba'amurkiya. Janine ta riƙe kofi da hannu biyu. Ta talatin da takwas ta wuce, da bakwai, da shida. Da aka kira ta talatin da biyar ta ɗago ta dube ni, ni kuma na rasa inda zan kai idona, na ƙura shi a kan biskit ɗin Misis Tranter.

"Kun gani?" in ji Baba, yana murza hannu. "Ta fi ƙarfin 'yan bayan nan. Sama take."

Rashin sani ya fi dare duhu. A lissafin Baba, duk lambar da ta wuce ba a kira ta ba, hawa ta yi. A namu kuwa an riga an rufe ƙofa, saura awa ɗaya da rabi na zaman da ba wanda ya isa ya tashi.

Da aka shiga ashirin Mama ta fara share ido da gefen rigarta. Misis Tranter ta ce ita dama ta sani, tun yarinyar nan tana rera waƙa a coci ta ce za a ji sunanta. Ƙarya take, ƙara ta riƙa kawowa cewa ana hana mijinta barci. Na so in jefe ta da cokali.

"Ki faɗa masa," na raɗa wa Janine.

"Ba zan iya ba. Dubi fuskarsa."

Na duba. Mutumin da ya yi shekara talatin a jirgin kamun kifi ba ya dariya sai a Kirsimeti, ga shi baki har kunne, yatsa a kan jan maɓalli.

"Goman farko!" ya yi wa Mama ihu da aka wuce ta goma sha ɗaya. "Pat, 'yarki ta koma goman farko!"

"Clive, zauna kada jininka ya hau," in ji Mama.

Ta shida ta wuce, ya buga tebur. "Ta wuce matsayinta na da!" Ta uku. Ta biyu. Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Tun mai gabatarwa bai gama jan rai ba Baba ya danna maɓallin, don kada farkon waƙar ya kuɓuce masa.

Kiɗa ya tashi. Muryar namiji ce.

Ba wanda ya motsa. Kaset yana ta juyawa, Baba yana kallon rediyo kamar za ta gyara kuskurenta, kuma har a lokacin hannunsa yana sama yana hana mu magana.

"Baba, kashe," in ji Janine a hankali. "Ba na ciki. Tun ɗazu na sani."

Ta juyo wajena. "Bev, har yanzu suna ɗaukar mutane a aikin safe a kamfanin kifin?"

Sai a nan ya tuna ya danna tsayawa. Kaset ɗin yana nan a aljihun tebur, ya rubuta masa sunanta tun da safe, kuma bai taɓa gogewa ba. Muryarta ta fito sarai a ciki.