Katin Ɗorawa a Kicin ɗin Hajiya Murjanatu

Shekara shida ke nan Sharfuddeen yana aikin duba bututun gas a Dubai, kuma a kamfaninsu kati iri biyu ake ratayawa. Jan kati na abin da zai iya kisa nan take ne: ka kwance bututun, ka toshe bakinsa da murfin ƙarfe, ka sanar da hukuma kafin ka bar wurin. Katin ɗorawa kuwa, wato mai launin ruwan ɗorawa, na abin da ake tsoron zai zama hatsari nan gaba: ka rufe makunnin, ka rataya gargaɗi, mai wuri ya sa hannu, ka kama gabanka. Shi ne ma yake koya wa sababbin ma'aikata bambancin.

Wata Talata cikin watan Yuli aka tura shi unguwar Al Sabkha da ke Deira, wani gidan abinci a bene, bisa shagon masu ɗaure kayan da za a sa a jirgi. Tun daga matakala ƙamshin daddawa ya tare shi. Mai wurin, Hajiya Murjanatu, mutuniyar Fagge ce. Duk ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya daga Kano, in cikinsa ya gaji da biriyani, wurinta yake zuwa.

"Ikon Allah, ashe injiniyan ɗan gida ne!" in ji ta. "Daga ina, ɗana?"

"Daga Zariya, Hajiya."

"To madalla, Allah ya kawo mana namu."

Kicin ɗin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. An toshe tagarsa da katako saboda zafi, fankar zuƙe hayaƙi kuma ta mutu, maiƙo ya daskare a jikinta. Wutar murhu uku tana ci jaja-jaja maimakon shuɗiya, ta baƙanta gindin tukwane. Mai girkin, Gidaɗo, dattijo ne ɗan Mubi, yana tuƙa tuwo da tawul a wuya.

Sharfuddeen ya bi mahaɗan bututu da ruwan sabulu, bai ga kumfa ba. Gas ba ya yoyo. Amma wutar nan ba ta samun iska, kuma irinta ce take haifar da gubar da ba ta da wari balle launi.

"Baba, kanka yana ciwo in kana aiki?"

Gidaɗo ya yi dariya. "Kullum, Injiniya. Zafin garin nan ne. Da na sauka sallar la'asar sai ya sake ni."

Sharfuddeen ya ɗaga na'urar awon iska, lambar ta hau, ta tsaya dab da iyaka ba ta tsallake ba. To amma ƙofar kicin a buɗe take. Ƙa'ida ita ce a rufe ƙofa, a jira minti goma, a sake aunawa. Har ya kama mariƙin ƙofar, sai Hajiya ta matso ta rage murya.

"Ɗana, na san jan katin nan naku. In ka rataya shi, hukuma za ta garƙame wurin nan, sai yadda hali ya yi. Mutum huɗu bizarsu a kan wurin nan take, har da wannan bawan Allah. Jibi Alhamis mai gyaran fanka zai zo, wallahi na riga na kira shi."

Muciyar ta tsaya a hannun Gidaɗo.

Sharfuddeen ya saki ƙofar. Ya rubuta lambar da ya gani, ya rufe makunnin, ya rataya katin ɗorawa.

"Don girman Allah, Hajiya, kada a kunna sai an gyara fanka an cire katakon nan."

"Insha Allahu," ta ce, ta sa hannu. Ta sa aka zubo masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ya zauna ya ci.

Washegari da azahar yana wani sito a Al Warsan, sai shugabansa Fahad ya kira shi. Ashe tun da safe aka buɗe makunnin, don an samu baƙi daga Kano, an ce ai na yini ɗaya ne. Da wurin ya cika, zafin kicin ya dami masu cin abinci, wani ya tura ƙofar ya rufe. Sai da ƙaurin tuwo ya fito aka buɗe. Aka tarar da Gidaɗo zaune a kan buhun shinkafa, ya jingina kai da bango kamar mai hutawa. Kafin motar asibiti ta kutsa cikin cunkoson Deira, rai ya yi halinsa.

A ofis Fahad ya ajiye takardar a gabansa, ya nuna sa hannun Hajiya. "Habibi, ka rufe, ka yi gargaɗi, ta sa hannu. Babu ruwanka. Khalas, shi ke nan."

"Ban rufe ƙofa ba lokacin da na yi awo."

Fahad ya dube shi. "Takarda ba ta ce haka ba."

"Ni na ce."

Sharfuddeen ya rubuta bayanin da hannunsa, layi biyar. Aka karɓe katin aikinsa har a gama bincike, aka mayar da shi rumbun kayan aiki yana jera tiyo. An rufe gidan abincin, 'yan sanda suka riƙe Hajiya, sauran ma'aikata uku suka fara shirin komawa gida.

Sai da aka yi kwana tara takardun gawa suka kammala, aka binne Gidaɗo a nan Dubai. Ba su fi mutum ashirin ba a maƙabarta, yashi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ana watsewa sai Izzuddeen, ɗan garinsu mamacin wanda ya yi ta zirga-zirgar takardu, ya biyo Sharfuddeen da waya a hannu.

"Injiniya, iyalinsa ce, Halimatus Sa'adiya. Ta ce an gaya mata iska ce ta kashe shi, ba ta gane ba. Na ce ga wanda ya san abin."

Sharfuddeen ya karɓi wayar. Ya yi mata ta'aziyya, ya yi mata bayanin wutar da ba ta samu iska ba, a hankali, kamar yadda yake yi wa ɗalibansa. Ta saurara ba ta katse shi ba. Can a bayanta yana jin ana daka.

"Malam, ya sha wahala?"

"A'a. Kamar barci yake zuwa."

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Wannan kaɗai yake cin raina."

Ya buɗe baki zai gaya mata sauran. "Baiwar Allah, ni ne wanda..."

"An gaya mini kai ne ka gargaɗe su ba su ji ba," ta ce. "Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a."

Izzuddeen ya ce amin, ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa, don motar da za ta mayar da su Deira ta riga ta tashi.