Zagaye Guda a Kan Dawar Ladan

Ladan ya riƙe hannun rigar matuƙin jirgin ya ƙi saki. Tun da gwamnatin sabuwar jiha ta aiko ƙaramin jirgin feshi don kashe tsuntsayen jan-baki, a gidansa na Jega aka sauke matuƙin, wani saurayi mai kunya, Waliyyu. Yau aiki ya ƙare. An feshe Maiyama da Aliero, amma an tsallake fadamar Dangamaji, inda tsuntsayen ke kwana dab da dawar Ladan.

"Baba, man da ya rage na komawa Birnin Kebbi na," in ji Waliyyu. "Tankar mai ba ta iso ba."

"Zagaye guda, ɗana. Dawag ga ita ɗai gare ni. In sun cinye ta, mi za ni ba iyali?" Sai ya ƙara da abin da bai kamata ba: "Ashe baƙona za shi tahi ya bar ni cikin wanga hali?"

Iyakar sanin Ladan da man inji shi ne na tsohon babur ɗinsa: in ya ƙare, a karkata tanki, in ya ƙi a tura. Waliyyu kuwa, da ko ido bai iya haɗawa da mai masaukinsa, ya sunkuyar da kai ya ce to.

Dab da magariba Ladan na bakin gona jirgin ya zo ƙasa-ƙasa. Tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi, zagaye guda ya zama uku. Ladan na ɗaga hula yana sa albarka, sai injin ya yi tari, ya yi shiru. Jirgin ya sulalo ya daki wata tsamiya. Wasu fataken albasa da ke wucewa ne suka ɗauki Waliyyu a motarsu, kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa.

Da safe fadama ta yi tsit, dawa tsaye da zangarnunta. Maƙwabtan gona suka cika zaure, wasu na gaisuwa, wasu na cewa, "Kai ka cece mu bana, Malam." Ladan ya tashi ya shige gida.

Matarsa Hindu na tsaye a ƙofar ɗakin baƙi, riƙe da wata riga da ta wanke jiya.

"Malam," ta ce a hankali, "kayan yaron nan, wa za mu kai wa?"