Faretin Darbejiya

A shekarar 1984, da ruwan sama ya ƙi, aka aiko wa barikin sojan Nguru takarda: a rage ƙona man dizal, a kuma dasa itatuwa su tare rairayin da ke cin katanga. Injin rijiyar burtsatse awa ɗaya tak zai riƙa yi a rana. To fisabilillahi, da me za a shayar da dashen? Mai takarda bai faɗa ba.

Kofur Sabitu aka ɗora wa aikin, don an san ɗan manoma ne. Har Gashuwa ya je ya ɗauko dashen darbejiya ɗari biyu a bayan a-kori-kura, ya dasa arewa da bariki. Ruwa kuwa sai roƙo. Kaltum, magajiyar matan bariki, ta sa kowace mace ta riƙa tara masa ruwan wanke-wanke, shi kuma ya bi gida-gida da garwa biyu a kafaɗa. Abokansa har suna suka sa masa, wai ɗan garuwa mai igiya biyu. Ko a jikinsa.

Awaki suka ci wasu, gara ta ci wasu, rana ta ƙone da yawa. Bayan shekara biyu, guda talatin da ɗaya ne suka rayu, nan ɗaya, can uku, sun kai masa ƙirji. Wallahi yana son itatuwan nan, har kunyar faɗa yake ji.

Ana tsakiyar bazara aka ce babban hafsa zai zo ganin aikin. Saje Manja Hammadu ya zagaya, ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Kofur! Wannan wane irin shirme ne? Babu sahu, babu layi, kamar kuratan da suka ji ƙarar bindiga! A tuge su, a jera a bakin ƙofa, taku uku-uku, a shafa farar ƙasa."

"Yallaɓai, saiwarsu ta yi nisa. In aka taɓa su kafin ruwa ya sauka, mutuwa za su yi."

"Na tambaye ka?"

Bai tambaye shi ba kam. Sabitu ya ƙame, ya sara. Da hannunsa ya haƙa, don kada wani ya yi musu ɗanyen aiki, amma duk saiwar da ta tsinke sai ya ji ta a cikinsa.

Hafsa ya zo, ya ga layi ɗoɗar, fari tas. Ya yaba ƙwarai, ya ce sauran barikoki su yi koyi da Nguru. Ko minti biyar bai yi a wurin ba.

Kwana tara ganye ya gama zuba. Sabitu ya kankare bawon kowace da farce yana neman kore, bai samu ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa, kaki da komai, ya yi kuka.

Washegari kukun bariki ya zo ya tuge su don hura wuta. Ko shayin safe ba su tafasa ba.