Gaskit Daga Cikin Shara

A-kori-kurar kakanmu ta yi shekara tara a bayan gida ba ta motsa ba. Kaji sun mayar da kujerar direba wurin yin ƙwai, tayoyin sun lotse har sun manne da ƙasa. Da Baba ya ajiye aiki, sai ya ce ba zai zauna yana kallon bango ba, motar mahaifinsa zai tasa.

Mai Hon ake kiran kakan namu, don tun daga bakin layi yake fara danna hon har ya iso ƙofar gida. Ban san shi sosai ba, ina ƙarama ya rasu. Abin da na sani shi ne maganar da Baba ke maimaitawa kullum, cewa tun da motar nan ta fito daga kamfani ba a taɓa canja mata inji ba. Wai Mai Hon ma haka yake faɗa wa kowa, yana bubbuga murfin inji da tafin hannu.

Mu huɗu ke aikin: Baba, da ƙanensa Baffa, da Dogo makaniki da ke zuwa Asabar da Lahadi, sai ni. Nawa aikin wanki ne. Su kwance ƙarfe su miƙo mini, ni kuma in jiƙa a kananzir cikin tsohuwar roba, in bi shi da buroshin haƙori har ya fito fes. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa a gida Shiru ake ce mini. Aikin ya yi mini daɗi, don ƙarfe ba ya tambaya ta komai. Iya, matar Mai Hon, takan jawo kujerarta bakin ƙofar baya ta zauna tana kallonmu, tana tsokana ta.

"Shiru, da kina wanke kwanona kamar yadda kike wanke notin nan, da na daɗe da yafe miki."

Jikin motar bai ba mu wahala ba. An kankare tsatsa, an yi walda, an fesa kore irin na da. Injin ne ya tsaya mana. Da Dogo ya ɗage kan injin, ya leƙa ciki ya ce fistin da sauran kayan ciki lafiya lau, abu ɗaya ne ya mutu, gaskit. Wata shimfiɗa ce mai huji-huji da ke kwanciya tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ta hana ruwa da baƙin mai haɗuwa. Ta ciki ta ƙone, yana taɓa ta ta ragargaje kamar busasshen ganye.

Ni na wanke fuskar ƙarfen da take kwanciya a kai. Yini biyu na yi a kanta, har yatsuna suka haddace ta: manyan ramuka huɗu a jere, ƙanana a gefe-gefe, sai wani guda a kusurwar baya wanda ba zagaye ba ne, ya ɗan lanƙwasa kamar ƙwayar wake.

Baba ya ɗauki takardun motar ya tafi shagon kayan gyara, ya dawo da sabuwar gaskit cikin leda. Dogo ya ɗora ta, ya juya ta, ya kifa ta, ya tsuke baki.

"Ba tata ba ce."

"Kamar yaya ba tata ba ce? Sunan motar na nuna wa mai shago a takarda," in ji Baba.

"To ka ga dai. Ta rufe ramin ruwa. In muka ɗaure ta haka, kafin ka kai bakin layi inji ya dahu."

Aka canjo ta biyu, aka canjo ta uku. A ta ukun mai shago ya ce kada a ƙara kawo masa takardar mota, lambar inji yake so. Lambar tana gefen gangar injin, amma tsatsa ta cinye ta. Na goge, na goge, harafi ɗaya da lamba biyu kawai suka fito. Na kwafe su a bayan kwalin ashana. Mai shago ya duba ya ce wannan ba ta kai shi ko'ina ba.

Ranar Lahadi Baffa ya gaji. Shi ma yana da rabo a motar, kuma so yake ta tashi ta riƙa ɗauko masa kayan shagonsa.

"Yaya, wata biyu ke nan muna bauta wa ƙarfe," in ji shi. "Na ga wani inji na hannu, mai kyau, yana aiki. Asabar mai zuwa in ba a samo abin nan ba, a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauke wannan."

"Injin Tsoho ne fa," in ji Baba.

"Tsoho ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ni mota nake so, ba hoto ba."

Baba ya jawo buhu ya rufe injin, ya danne gefuna da duwatsu. Na san abin da ke ransa. Ya taɓa gaya mini cewa ba abin da yake so kamar ya sake jin ƙarar injin nan ko sau ɗaya, don duk yarintarsa da ita yake gane mahaifinsa ya dawo tun kafin hon.

Ni kuma shara nake yi a wani babban sito inda ake ajiye kwalayen sabulu. Akwai wata tsohuwar motar ɗaga kaya a can, 'yar guntuwa mai ƙaho biyu a gaba, ita ke loda kwalaye a manyan motoci. A makon nan ta lalace, mai gyaranta ya baje ta a lungu. Injiniya ake ce masa. Ƙato ne, in ya yi magana har ƙofar sito ana ji. Shekara biyu ina aiki a wurin, bayan gaisuwa ban taɓa ce masa uffan ba.

Ranar Laraba ina share lungun, tsintsiya ta kamo wani abu baƙi a cikin tsummoki da kwalin mai. Tsohuwar gaskit ce da ya cire ya yar. Har na zuba ta a kwandon shara na yi gaba, sai na dawo. Manyan ramuka huɗu. Na sa yatsa na bi gefenta, a kusurwa na ji shi, rami mai lanƙwasa kamar ƙwayar wake.

Na ce a raina ba zai yiwu ba, wannan motar sito ce, waccan ta titi. Duk da haka na naɗe ta a tsohuwar jarida na sa a jakata. Hanyar gida duka ji nake kamar na yi sata, alhali daga shara na ɗauko.

Na iske bayan gida ba kowa. Na ɗage buhun, na ɗora ta a hankali. Ta kwanta kamar murfi a kan tukunyarsa. Kowane rami ya hau ɗan'uwansa, har na waken. Na cire, na sake ɗorawa, don kada ya zama idona ne.

"Me kike ɓoyewa, ƙawata?"

Iya ce a bakin ƙofa. Na nuna mata, na gaya mata inda na samo. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta yi wata 'yar dariya ta koma ciki.

Saura abu mai wuya. Tsohuwar gaskit ba ta gyara inji, sunan injin ake bukata, kuma mutum ɗaya ne ya san shi. Ranar Alhamis sau uku ina zuwa lungun Injiniya da tsintsiya, ina share inda na riga na share. Ranar Juma'a shi da kansa ya ɗago kai.

"Ke 'yar nan, ƙasan nan za ki huda? Ko wani abu kike so?"

Na miƙa masa kwalin ashana kawai. Ya karanta, ya dube ni.

"Ina kika ga wannan?"

"A motar kakana," na ce. Da ƙyar na ji kaina.

"Zo nan."

Ya goge wani ɗan farantin ƙarfe a jikin motar ɗaga kayan da babban yatsansa. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ba ta ɓace mini. Harafin nan ne a farko, da lambobin nan biyu a bayansa, sai sauran da tsatsa ta cinye a namu. Ya rubuta mini su duka a takarda da manyan baƙaƙe, ya ƙara da kwatancen shagon da ke sayar da kayan irin waɗannan motoci.

"Ba za ku same ta wurin masu kayan ƙananan motoci ba," in ji shi. "Kakanki dai gwani ne. Injin nan ba ya gudu, amma ba ya mutuwa."

Asabar da safe Baffa ya iso da wayarsa a hannu, yana neman lambar masu ƙarafa. Dogo yana zaune a kan taya yana shan shayi. Na yi ta shirya maganar a bakina tun asuba, amma da na tsaya gabansu duk ta gudu. Sai na wuce su, na ɗage buhun, na ɗora gaskit ɗin, na ja baya.

Dogo ya ajiye kofi. Ya zo ya duƙa, ya bi ramukan da tsinken ashana ɗaya bayan ɗaya.

"Kai! Shiru, daga ina?"

"Daga shara. A wurin aiki. Ta motar ɗaga kaya ce." Na miƙa wa Baba takardar.

"Motar ɗaga kaya?" Baba ya girgiza kai. "A'a. Tsoho bai taɓa canja inji ba. Da bakinsa ya faɗa mini."

"Da bakinsa ya faɗa wa duniya," in ji Iya daga kujerarta. Duk muka juya. "Shekarar da ka tafi koyon aiki, injin farko ya buga. Kwana uku bai ci abinci ba. Sai ga shi da wannan a kan amalanke, wai daga wata ma'aikata da aka rufe. Shi kaɗai ya ɗora shi, sati biyu, ni ke riƙe masa fitila da sifana. Ya shafa masa fenti irin na wancan, ya ce in na faɗa wa kowa bai yafe ba."

"Iya! Wata biyu kina kallonmu muna wahala!" in ji Baffa.

"Alƙawari na ɗauka. Kuma har yanzu ban karya ba, wancan baƙin abin ne ya tona shi, ni shaida kawai na bayar."

Dogo ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Baba bai yi ba. Ya tsaya yana kallon injin kamar baƙo ne ya shigo masa gida. Na fara tunanin ko da na bar abin a kwandon shara.

"To shi ke nan ma," in ji Baffa. "Tunda ba na asali ba ne, me za mu riƙe? Bari in kira su."

"Ajiye wayar nan," in ji Baba.

"Yaya, kai da kanka ka ji."

"Na ji. Na farkon, mutanen kamfani suka sa shi, ban san su ba." Baba ya dafa gangar injin. "Wannan Tsoho ne ya ɗaure kowane noti nasa. Kuma shi nake ji yana shigowa layi tun da na dawo gida daga koyon aiki. Ba inda za shi."

Baffa ya buɗe baki, sai Dogo ya riga shi.

"Kai da kake son ɗaukar kaya, ka samu injin da aka haifa don kaya, kana ƙorafi? Ka loda mata shagonka duka, ba za ta yi tari ba."

"Shi ya sa keke ke wuce mu a hanya," in ji Baffa a hankali, kamar yanzu ya gane. Sai ya sa wayar a aljihu.

Baba ya ce ni zan raka shi shagon, tunda ni na san kwatance. Mai shagon ya duba takardar sau ɗaya, ya miƙa hannu sama ya zaro ta. Kafin mu fita na fito da tsohuwar daga jarida na haɗa su baki da baki. Baba ya jira har na gama.

Lahadi da la'asar Dogo ya ɗaure noti na ƙarshe, ya zuba ruwa da baƙin mai, ya haɗa batir. Baba ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. A na uku ta kama, da wata ƙara mai kauri, a hankali, kamar ana daka a gida mai nisa. Kaji suka watse. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Iya kuwa ta riga ta yafa mayafi.

"Ni a gaba zan zauna. Shiru, zo ki shiga tsakiya, kada tsohon direban nan ya kai mu rami."

Baffa da Dogo suka haye baya. Muka fita layi a hankali. Wata mata ɗauke da tulun ruwa ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu har kusan kwanar layi, Baffa yana yi mata sannu daga sama. Da muka juyo bakin layi, Baba ya dube ni ya nuna tsakiyar sitiyari da haɓa.

"Danna."

Na danna kaɗan.

"Haba, Shiru," in ji Iya. "Haka kakanki ke yi?"

Na ɗora tafin hannuna duka, ban ɗaga ba sai ƙofar gida.