Tazargaden Dakta Imrana

Kai, Dakta Imrana ya yi suna! Shekarun da ya yi a ƙasar Sin, a kan ganye ɗaya ya ƙarar da su: tazargade, wanda Sinawa ke maganin zazzaɓi da shi tun kakanni. Abin da ya rubuta kuwa, malamai daga ƙasashe barkatai sai sun ambace shi kafin su faɗi nasu. Ya gano cewa jiƙon ganyen a gida yana kwantar da zazzaɓin cizon sauro, amma ba ya kashe cutar, sai ta dawo da ƙarfinta, musamman ga yara. Da Turanci ya rubuta. A Mungadi, garinsu, labarin da ya iso shi ne Imrana ya je Sin ya gano maganin zazzaɓi.

Gwaggo, ƙanwar babansa da ta raine shi, ta fi kowa yaɗa wannan labari. A bayan ɗakinta ya dasa 'yan tsirrai don ya samu iri, ita kuwa ta riƙa ba su ruwa kamar albasar sayarwa. A hannunta kuma 'yarsa ta fari take, Bushra, tun da aka kai ta yaye. Shi da matarsa Rahma suna Aliero, inda yake koyarwa. 'Yar fari ai sai kunya: ba ya kiran sunanta, ba ya tambayar lafiyarta a gaban manya. Mutumin da ya tsaya gaban farfesoshi bai ji ɗar ba!

Da damina ta yi nisa, suna waya Gwaggo ta ce, "Mutuniyar jikinta da ɗan ɗumi."

Tambayoyi suka cika masa baki: tun yaushe, tana amai, an gwada jininta? Ina! Ya haɗiye su duka.

"Allah shi sawwaƙe," ya ce, ya koma tambayar gero.

Ya gaya wa Rahma, ita ma ta sunkuyar da kai, don tata kunyar ta fi tasa.

Ranar kasuwar Jega ya haɗu da Lawali, direban da ke jigilar 'yan Mungadi.

"Dakta, maganinka na aiki wallahi! Zazzaɓin ɗiyar nan ya sauka ya dawo, ya sauka ya dawo, Gwaggo na ta jiƙa mata. Anka ce a kai ta asibiti Maiyama, tac ce wa? Ɗiyar mai maganin? A yi mishi dariya a gari?"

Imrana bai san inda ya yar da cefanen ba. Ya ja mota.

Da ya isa Mungadi, ya tarar da yarinyar a tabarma, idanu sun juye, haƙora a datse, ga kwanon jiƙon a gefenta. Ya sunkuce ta, Gwaggo ta bi shi ba ko takalmi, ta karɓe ta a kujerar baya. Yana tuƙi yana waiwaye.

"Bushra! Bushra!"

Ran nan ne Gwaggo ta fara jin sunan a bakinsa. Ba su kai Maiyama ba ta ce ya tsaya, ta ja mayafinta ta rufe fuskar yarinyar.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya shiga ɗakin Gwaggo ya zauna a ƙasa. Baƙin ciki ya hana shi ko kuka. Tsohuwar ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Imrana, ko ban jiƙa shi daidai ba? Wallahi ban tsallake mata ba, sahe da marece. Hwaɗa min yadda ka rubuta ma Sinawa."

Ya buɗe baki. Maganar da ya yi ta zagaya ɗakunan taro da ita, da hotuna da zane-zane, ashe da Hausa ko numfashi biyu ba ta kai ba.

"Ba ya warkarwa, Gwaggo. Kwantar da zazzaɓin kawai yake yi. Asibiti ake kai yaro."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar bayan ɗaki inda ganyen ke tsaye shar.

"Duk duniya ta ji wagga magana," in ji ta, "ni da ke ba shi ruwa ba ka hwaɗa min ba?"